Jinin Kajin Kademi

Duk ranar da aka zauna rubuta tarihin ilimin ɗan Adam bisa adalci, wajibi ne a ware wa kaza babi guda, babba, kusa da farko. Ta bayar da ƙwanta an haɗa allurar rigakafi a cikinsa, ta bayar da jininta an leƙa asirin halitta da shi, amma ban taɓa ganin an gayyace ta bikin yaye ɗalibai ba sai a kan faranti. Ni dai a nan zan sauke nawa nauyin. Digirin nan nawa na ƙarshe da kuke gani rataye a falo, kaji ne suka ɗauki rabinsa, sauran rabin kuma mutum uku suka raba: kakanku Malam, kakarku Inna, da Gwaggo Dije ta Ajingi. Ni abin da na sa a ciki bai wuce sunana ba.

Na san abin da kuka ji. Hafsatu, ke ce kika dawo daga biki a Kademi kika tambaye ni da murya ƙasa-ƙasa, wai me ya sa tsofaffin unguwarmu suke ce min Lawal mai jini, kuma da gaske ne saboda ni kakanku ya bar limanci. Na ce zan ba ki amsa in na huta. Yanzu na ajiye aiki, hutun har ya fara isata, ga amsar, ke da ƙannenki.

A shekarar da abin ya faru ina koyarwa a jami'a a birni, ina kuma ƙarasa bincike a ƙarƙashin wata farfesa wadda ba ta yabon aiki sai mai shi ba ya kusa. Abin da nake bukata wani sinadari ne da ake kira histon. Ana sayo shi daga waje, amma mu a sashenmu sayen abu daga waje labari ne da ake ba sababbin ɗalibai. Farfesa ta ce in fitar da nawa da hannuna daga jinin kaza, kamar yadda magabata suka yi. Na je inda ake yankan kaji a kasuwar birni da kwalba a hannu. A can jini da gashi da ruwan zafi kwata ɗaya suke bi, masu yankan kuma suka dube ni duban da ya sa na tuna ina da wani uzuri a wani wuri. Sai na tuna gida, inda mahaifina yake limamin masallacin unguwa, kuma a ƙofarsa ake yanka kusan duk kazar da za a ci a unguwar.

Kafin in isa Kademi sai da na bi ta Ajingi, don ni ɗan fari ne, tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo Dije, yayar Malam, a wurinta na tashi. Na same ta a rumfa tana kaɗin auduga, taskira a gefe, yatsunta fari fat da alli.

"Lawandi," ta ce, "wai kai karatun nan naka ba shi da ƙarshe ne? Me ya rage ba ka sani ba?"

Na zauna na yi mata bayani, kuma har yau ban taɓa yin laccar da ta kai wannan ba, don idona na kan mazarinta nake magana. Na ce jikin mutum da na dabba an gina su da ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana da ɗaki a tsakiyarta, a ɗakin akwai zare, a jikin zaren aka rubuta duk gadon da mutum ya ɗauko wajen iyayensa. Zaren ƙwaya ɗaya ta mutum, in an miƙe shi, ya fi mai shi tsayi. Don ya shiga ɗakin sai aka naɗe shi a kan wasu 'yan mazarai masu ɗimbin yawa, su ne histon. Inda naɗin ya yi tsauri, rubutun wurin ba ya karantuwa. Inda ya yi sako-sako, ana karantawa, jiki ya yi aiki da abin da aka karanta. To akwai waɗansu ma'aikata a ɗakin, mu furotin muke ce musu, da suke zuwa su kama mazarin su ƙara masa tsauri ko su sassauta. Aikina shi ne in gane su wa da wa ke zuwa.

"Au," ta ce, "gulma kake karantawa. Wa ya shiga ɗakin wa."

Na ce kusan haka. Ta ce to tunda ba a ganin su, ta ina zan kama su? Na ce tarko zan ɗana. Zan liƙa histon a jikin wasu 'yan ƙwallaye da suka fi ƙwayar gero ƙanƙanta, in dura su a wani siririn bututun gilashi. Sai in matso ruwan da ke cikin ɗakunan nan daga hantar kaza, wanda duk ma'aikatan ke ciki, in tsiyaya a kai. Mai hulɗa da histon zai kama ya tsaya, wanda ba ruwansa ya wuce ta ƙasa. Matsalar ita ce shi histon ɗan ƙwarai ne da bai iya korar baƙo ba, kowa ya gifta sai ya manne masa. Saboda haka sai in bi su da ruwan gishiri, ina ƙara gishirin kaɗan-kaɗan. 'Yan rakiya su ne za su fara saki. Wanda ya riƙe har gishiri ya yi yawa, shi ne abokin gaske.

Ta murza mazari a cinya, ta bar shi yana juyi, sai da zaren ya kai ƙarshe ta dube ni.

"In ka ajiye tuwo ƙuda ya sauka, ta ina ka san tuwon ya biyo ba kwanon ba? Akwai kwanon da ko wayam yake ƙuda na son sa."

Ta sake murza mazarin, ta ci gaba.

"Ka ajiye biyu mana, ɗaya da tuwo ɗaya wayam. Wannan ma sai an je birni?"

Gaskiya ita ce abin da ta faɗa yana cikin kowane littafi, ni kaina na koyar da shi, na kuma kayar da ɗalibai a kansa. Amma ƙwallayen da nake da su kaɗan ne, na riga na shirya a raina zan tsallake wannan matakin, in zuba duka a tarko ɗaya. A rumfar nan na fasa.

Malam na same shi a zaure da hantsi, littafi a buɗe a gabansa. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Bai ɗago ba.

"Sha za ka yi?"

"A'a, Malam."

"Wani za ka ba ya sha?"

"A'a."

"A ƙofar wani za ka binne?"

"Dubawa zan yi, Malam."

"Me ya hana ka na rago? Mahauta suna zubar da shi kullum."

Na ce jajayen ƙwayoyin jinin rago da na sa da namu, in sun nuna, ɗakin nan na tsakiya fita yake, babu zare babu mazari. Na tsuntsu kuwa yana nan da abinsa. Wannan ne ya sa ya ɗago. Ya ce in maimaita. Na maimaita, ya ce Allahu Akbar, ya rufe littafin.

"Abin da aka hana ci ne da sha. Najasa ne, ka kiyaye tufarka. Amma can ƙuryar gida za a yi, bayan rumbu, da kajinmu, kuma sau ɗaya. Mutanen nan idonsu ya fi kunnensu sauri."

Na zo da kwalabe huɗu masu duhun gilashi. A gindin kowace na auna wani farin gari tun daga ɗakin gwaji, aikinsa ya hana jini daskarewa, don in ya daskare ba a iya raba ƙwayoyin. Na jera su a kwando kusa da randa, washegari da sassafe na hau babur na tafi Gaya neman ƙanƙara.

A nan sai na tsaya in gaya muku wace ce Inna, don ku kun san ta tana tsohuwa mai ba ku gyaɗa. Ni tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa fuskantata da magana ba. Kunyar ɗan fari ce, ita kuma ta riƙe ta kamar farilla. In na zo gida sai ta ce wa ƙannena, "Ku kai wa baƙon Ajingi ruwa." In tana so ta san ko na ƙoshi sai ta tambayi kwanon. Duk son da take yi min ta hannu yake fita: wankin da ban sa ba, ɗinkin aljihun da ban san ya yage ba. Da safen nan ta ga kwalaben ɗanta, ta buɗe ɗaya, ta hango fari-fari a gindi. Ba za ta iya tambayata ba. Ni ma ban gaya mata komai ba, don ba ma magana. Sai ta ɗauko toka da soso ta wanke su tas, ta kife su a rana suka bushe, ta mayar da murafai, ta jera su yadda ta same su.

Na dawo da ƙanƙara. Kajin gidan bakwai ne, Malam ya yanka shida bayan rumbu, aka bar mai 'ya'ya. Yana yankawa ina tara kwalba, ina jujjuya ta a hankali don garin da ba ya nan ya gauraya. Na sa a kula, na kama hanya. Da na isa ɗakin gwaji na buɗe, sai na tarar da abu dunƙule kamar hanta, ko na kife kwalbar ba ya motsi. Kwana uku ina zargin garin, ina zargin ma'auni, ina zargin zafin hanya. A na huɗu ƙanwata ta zo birni da saƙo, ba nawa ba, na mamanku.

"Inna ta ce a gaya miki, namiji mai karatu ba a barin sa ya fita da kaya da dauɗa. Ta ce wannan karon ta rufa miki asiri."

Mamanku ta karɓi saƙon da hannu biyu. Har yau in muka saɓa sai ta ce in tuna ta taɓa ɗaukar laifin kimiyya.

Na koma Kademi da sababbin kwalabe a aljihun babbar riga, inda toka ba za ta kai ba. Gida babu kaji. Kuma zuwa lokacin na gane lissafina na farko ma kuskure ne: kafin a wanke ƙwayoyin, a fasa su, a yi ta ɗauraye ɗakunan har jan ya fita su koma fari kamar kindirmo, a sa ruwan tsami ya saki histon daga zare, abin da ke saura ɗan kaɗan ne. Ina bukatar zuwa kamar sau goma. Na ce wa Malam zan sayo kaji. Ya ce a yanka kaji sittin a gidan da ba suna ba biki, wannan almubazzaranci ne, kuma ya fi kwalba jawo magana. Ya ɗauki carbi yana ja. Lokacin kaka ce, an shigar da amfani, kowane gida da hidimarsa, kowace safiya ana layi da kaji a ƙofarmu. Akwai ɗan rami a gindin darbejiya da ake yanka a kai, in an gama a tura ƙasa a rufe.

"Jinin da ƙasa za ta sha ne," ya ce. "Ka zo ran Asabar. Amma duk mai kaza sai na gaya masa, in ya ƙi shi ke nan."

Babu wanda ya ƙi. Wa zai dubi liman a ƙofar gidansa ya ce a'a? Kowa sai ya ce, "Haba Malam, ai ba komai," ya karɓi kazarsa, ya tafi ya gaya wa matarsa. Ni kuma na taimaka wa maganar iyakar ƙoƙarina. Ina zuwa da farar safar hannu. Ina rubuta lamba a jikin kowace kwalba. Mafi muni, da na rufe kula sai in haye babur in wuce majalisar dattawa da ɗaga hannu kawai, saboda ƙanƙara ba ta jiran a tambayi gida da gajiya da amfanin gona. A Kademi mutumin da ya tari jini yana iya samun uzuri. Wanda ya tari jini kuma ya kasa tsayawa gaisuwa, to akwai inda ake jiran sa.

A Asabar ta biyar ɗan Audu tela ya kwanta zazzaɓi, aka tuna an yanka kazarsu a ƙofarmu. Saniyar wani ta yi ɓari, aka tuna shi ma. Wanda rumbunsa ya cika bai tuna komai ba. A ta shida kaji huɗu aka kawo, a ta bakwai biyu, su ma na wata makauniya ce. Wannan duk bai dame ni ba kamar abin da na gani da azahar. Masallacin da na sani da sahu uku ya koma ɗaya da rabi. Mutanen da Malam ya raɗa wa 'ya'yansu suna, ya wanke gawar iyayensu, suna zagayawa ta bayan gidanmu su tafi masallacin bakin kasuwa.

Ranar bayan la'asar na'ibinsa, Malam Hudu, ya zo zaure da dattawa uku. Kada ku riƙe shi a zuci. Mutum ne mai tsoron Allah da tsoron jama'a, gwargwado ɗaya.

"Allah gafarta Malam, ba zargi ya kawo mu ba. Mutane ne suke tambaya, mu kuma ba mu da abin ce musu."

"Ga mai abin nan," in ji Malam. "Ku tambaye shi."

Da na yi musu irin bayanin rumfar Gwaggo, wataƙila da an tashi lafiya. Amma na ga rawuna, sai malamin jami'a ya motsa. Na yi magana mai tsawo, da gabatarwa da rabe-rabe. Da na ga ido ya fara lumshewa sai na fito da hujjata mafi ƙarfi. Hoto ne na gwajin farko da ya yi kyau. In an wanko furotin daga tarko, ana ɗiga su a kan wani faifai mai kama da daskararren koko, a sa wutar lantarki ta ja su. Ƙanana su yi nisa, manya su tsaya kusa, sai a rina da shuɗi, kowanne ya fito a matsayin ɗan layi. Hoton ya fito gida-gida, layi bisa layi, ga lambobina a gefe. Na miƙa shi da alfahari.

Malam Hudu ya karɓa da gefen riga. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Gidaje a jere, da adadi a gefe," ya ce a hankali. "Mu a namu karatun, wannan hatimi muke ce masa."

Mafi tsufa a cikinsu, Baba Ɗanjuma, ya gyara zama.

"Yaro, shi zaren nan da kake faɗa, nuna mana shi."

"Ba a ganin sa da ido, Baba."

"Yana cikin jini?"

"Yana ciki."

"Kuma shi ke juya yadda mutum zai zama, da 'ya'yansa, da jikokinsa?"

"Haka ne."

"Kai kuma kana neman masu hidimarsa, waɗanda su ma ba a gani, ka ɗana musu tarko ka kama."

"To, a taƙaice..."

"Ai mu ma abin da muke faɗa ke nan."

Na yi jarrabawa da yawa a rayuwata, ban taɓa faɗuwa wadda na amsa kowace tambaya daidai ba sai wannan. Na dubi tabarma na ce na daina, daga yau ba za a ƙara ganina da kwalba ba, a yi haƙuri. Dattawa suka fara hamdala. Sai Malam ya yi gyaran murya.

"Saura zuwa nawa aikin ya cika?"

"Uku, Malam. Amma a bar shi."

"Ban tambaye ka ko a bari ba."

Ya juya wajen baƙinsa.

"Yaron nan ya tambaye ni, na duba, na ce masa ya halatta. In na janye yau, ba don na ga wata hujja ba ne, don sahu ya ragu ne. Gobe in ɗayanku ya kawo min tambayar gado ko ta aure, ta ina zai san ba sahu na ƙirga ba kafin in ba shi amsa? Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, duk mun karanta cewa an karhanta mutum ya ja mutanen da ba sa son limancinsa. Ba zan raba muku jam'i ba. Hudu, daga magaribar yau kai za ka shiga gaba."

Malam Hudu ya rantse ba abin da ya kawo shi ke nan ba, na kuma yarda da shi, don har hawaye ya yi. Aka yi ta roƙo. Malam ya buɗe littafinsa, wanda a gidanmu ma'anarsa an tashi. Da magariba na tsaya a sahu, kafaɗata na gogar ta mahaifina, a karo na farko tun da na yi wayo. Shekara ashirin da wani abu bayansa kawai nake gani a salla. Ban san abin da aka karanta a wannan magaribar ba.

Ba a ƙara kawo kaza ƙofarmu ba. Asabar ta zagayo na zo ba tare da na san me zan tara ba, sai ga a-daidaita-sahu ya tsaya, Gwaggo Dije ta fito daga tsakanin kwanduna, kaji na kuka ta ko'ina. Labari ya kai mata Ajingi. Ita ba ta yi wa kowa lacca ba. Ta bi gidajen masu suna da masu biki ta ce duk mai kazar yanka ta kawo, ƙanenta malami zai yanka, ita za ta dawo da ita a fige a gyare. Wata ta tambaye ta jinin fa.

"Na ce mata, kin taɓa yin miya da shi?"

Ta wuce ta gaban majalisa da kwando a ka, ta tsaya, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya har da tambayar jikoki, sannan ta waiwayo ni.

"Ka gani? Haka ake yi, shashasha. Ɗauko sauran."

Sau uku ta yi wannan zuwan. Ita da Inna suka yi ta fige kajin mutane har yatsunsu suka yi kanta, Inna na yi tana gaya wa tukunyar ruwan zafi cewa wasu dai karatunsu ya fi noma wahalar da mutane.

Abin da ya fito daga duk wannan ba shi da yawa. Layi tara suka fito daga tarkon histon. Da na duba ƙwallayen wayam, waɗanda ban liƙa wa komai ba, sai ga bakwai daga cikin taran a can ma, sun yi zamansu. Kwanon suka biyo. Biyu ne kawai suka ƙi wayam ɗin suka kama histon, suka kuma riƙe har gishiri mafi yawa. Da ban bi ta Ajingi ba, da tara zan kai gaban masu jarrabawa, a kwance min zani a kasuwa. A kan biyun nan aka ba ni digiri. Farfesa ta gaya wa wani, shi ya gaya min, cewa aikin ba laifi.

Ke Hafsatu da kika bi wannan layin, na san yadda kike murmushi in na ba da labarin bututuna. Ku yanzu ƙwayoyin cuta kuke sa wa su ƙera muku histon a kwalba, ba ruwanku da kaza. Kuna iya zuba magani ya ƙame kowa a inda yake tsaye a cikin ɗakin, hannunsa a kan mazari, sannan ku fasa ku duba. Kin ce min har akwai dabarar da ake ɗaura wa histon wani abu mai shafa alama, kamar hannun marini, duk wanda ya matso kusa da shi a cikin ƙwaya mai rai sai ya tashi da shuɗi, na'ura kuma ta auna gutsattsarinsu ta jero muku sunaye kafin la'asar. Na yi murna, ba na hassada sai kaɗan. Na tambaye ki ko har yanzu kuna ajiye na wayam a gefe, kika ce wanda bai ajiye ba ba a ko karanta aikinsa. Ki riƙa sa Gwaggo a addu'a.

Malam bai koma gaba ba. Zazzaɓin ɗan Audu ya warke, mutane suka dawo da kajinsu bayan shekara ta zagayo, har an aiko a roƙe shi sau biyu, ya ce jam'i ya zauna lafiya, a bar shi. Shekara goma sha ɗaya yana salla a bayan Malam Hudu, a ƙarshen sahun farko ta dama, ba ya gyara masa karatu sai in Hudun ya tsaya cak. Duk zuwan da na yi gida a shekarun nan, da wannan nauyin nake shiga masallaci. Ban taɓa yi masa godiya da baki ba, don ba a yi mana tarbiyyar haka ba, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba. Abin da na iya shi ne duk ɗalibin da ya zo min da aikin da mutane ke yi wa dariya, ban kore shi ba sai na duba. Ku ma abin da nake so ku riƙe ke nan game da kakanku, ku bar zancen tsofaffin biki.

Bayan rasuwarsa da 'yan watanni muka je gaida Inna ni da mamanku. Ta tsufa sosai, tana zaune a bakin gado. Na zauna daga bakin ƙofa, na fuskanci bango kamar yadda muka saba, na faɗi abin da ya daɗe a cikina. Na ce na san abin da Malam ya bari saboda ni, na san ni na fitar da shi daga gaban sahu, kuma ban san da me zan biya ba.

Inna ta dubi mamanku.

"Gaya wa mijinki ya daina wahalar da kansa. Tun farkon daminar waccan shekarar Malam ya ce min sauka zai yi, hanya kawai yake nema wadda ba za a taru a danne shi ya zauna ba. Haƙoransa na gaba ne suka zube, sin ɗin Bisimilla ta daina fita daidai. Shi kuwa ba zai tsaya gaban mutane ya ce haƙori ba."

Ni ɗan fari ne, ban taɓa kallon bakin mahaifina ba. A mota na ƙirga da yatsu. Haƙoran sun riga kwalabena da wata huɗu.